Madam Ta Ƙi Cin Ɓera

Tun ranar da ƙanena Sejiro ya dawo daga Lome da akwatin gilashi ɗaure a bayan babur, ban sake samun sukuni a gidanmu ba. Na ɗauka wani abin arziki ne, ko talabijin, har na sauke kaskon kifi daga wuta na fita taryarsa ina goge hannu a zani. Da ya yaye tsumman da ya rufe akwatin, sai ga mesa kwance a kan garin katako, irin ƙananan nan namu masu dunƙulewa. Ya dube ni, ni yayarsa da yake kira Dada, yana washe baki ya ce, "Dada, ga Madam."

Madam! A nan garinmu Wida, a gidan da babba da yaro kowa ke da tsagar Dangbe a fuska. Na ce masa ya rufe mini baki kafin gwaggonmu Tanti Asiba ta ji. Mu Dangbe muke ce wa mesa, kuma uwa ce a wajenmu. Ba ma kashe ta, ba ma korar ta. In ta shigo gida a durƙusa a gaishe ta, in ta ga dama ta kama hanyarta. Amma ban taɓa jin wanda ya sa ta a akwati ya raɗa mata sunan matar maigida ba, sai ƙanena.

Shi dai ga yadda abin ya samo asali. Ya yi shekara da shekaru yana aiki a wani gidan kiwon macizai da kunkuru da ake kaiwa ƙasashen Turawa. Wata rana aka ware wani ƙwai da ya lotse aka ce a zubar, shi kuwa ya sa a aljihu ya kai ɗakinsa, ya binne a jiƙaƙƙen garin katako yana dubawa safe da yamma har ya ƙyanƙyashe. Ita ce Madam. Matarsa ta tafi ta bar shi, ba su haihu ba, daga baya aikin ma ya ƙare, amma Madam tana nan. Mutum ya haura arba'in, abin da ya tara a duniya ke nan, maciji da shuɗin bahon roba. Na yi masa dariya a gabansa har da riƙe ciki, na shiga ɗaki na yi kuka.

Bahon nan shi ne tushen fitinar. Sejiro ba ya ba Madam abinci a cikin akwatinta. Ya ce haka aka koya masa, haka kuma yake yi tun tana kamar igiyar takalmi. Wai in ka saba wa maciji da ci a inda yake kwana, duk ranar da ka ɗaga murfi zai ɗauka ɓera ne ya zo, ya kai wa hannunka cafka. Wai kuma tana iya haɗiye garin katako tare da abincin ya toshe mata ciki. Saboda haka ranar ci sai ya ciro ta ya sa a baho, ya kashe ɓera, ya kama jelarsa da dogon awartaki tun da sauran ɗuminsa, ya riƙa motsa shi a gaban hancinta har ta kai masa. In ta haɗiye sai ya bar ta ta huta, sannan ya karkata bahon a hankali ta sulale cikin akwati da kanta. Daga nan ba hannun da zai taɓa ta sai abincin ya narke. A Lome shi kaɗai ne a ɗakinsa, ya ja ƙofa ya kulle, ko ƙuda ba ya damunsu.

To nan ba Lome ba ne. Gidanmu gidan yawa ne, ɗakin marigayi babanmu da aka ba shi kuma a tsakiyar gida yake, tagarsa na kallon rijiya. Muddin Madam na cikin akwati an lulluɓe da tsumma, mutane na iya yi kamar ba su san da ita ba. Amma da zarar ta fito fili, ba mai wucewa bai gaishe ta ba, abin kunya ne a wajenmu. Yaro ɗaya zai leƙa ta taga ya ce Dangbe ta fito, shi ke nan an gama. Mata su yar da taɓarya, masu wanki su taho da kumfa a hannu, a cika ƙofa a durƙusa ana tafi, a taɓa ƙasa a shafa a goshi, kowa kuma sai ya ɗan shafi bayanta kafin ya tashi. Madam kuwa da ba ta saba da kowa ba sai Sejiro, sai ta cusa kai tsakiyar jikinta ta dunƙule kamar ƙullin akasa, tuwonmu na masara. Ɓera ya huce a bakin awartaki, kyanwar gida ta samu rabo.

Haka aka yi karon farko, haka aka yi na biyu. A na uku Sejiro ya daka wa matan tsawa, suka kai ƙara wajen Tanti. Ya sayo kwaɗo ya sa a ƙofa, Tanti ta aiko a cire, ta ce ba a kulle ƙofa tsakanin Dangbe da 'ya'yanta. Tanti Asiba ƙanwar babanmu ce, ita ke zuba wa kakanni ruwa, maganarta kuma ita ce ta ƙarshe a gidan. Aka cire kwaɗon.

Ni da nake ganin ina da wayo na ce masa, to ka jefa mata ɓeran cikin akwati mana, ka rufe da tsumma, wa zai sani? Ya dube ni kamar na ce ya ci da hagu a gaban surukai. Ya ce shekara nawa yana yi a baho, ba zai lalata mata tarbiyya ba saboda 'yan gulma. Tarbiyya! Ta maciji! Da maganar ta kai kunnen Tanti, ita ma ta ce kada a kuskura, ɗan kurkuku ake miƙa wa abinci ta ƙarƙashin murfi. Kun ji abin haushi, mutum biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ranar suka haɗa baki a kaina.

Damina ta shigo ta yi nisa, Madam ba ta ci ba. Da fari Sejiro yana cewa ba komai, irinsu sukan yi yajin ci, musamman in an sauya musu wuri. Yana faɗa yana leƙa akwati. Daga baya ya daina faɗa. Bayanta da yake a mulmule ya fara tsini, ƙashin ya fito tun daga wuya har jela, fatar gefenta ta yi tamoji. Ni da ban san komai a kan maciji ba na ga ta rame.

Shi ma ya rame. Bai iya zama wuri ɗaya. In na zuba masa akasa da miya a tsaye zai ci, loma biyu ya ajiye ya je ya ɗaga tsumma, ya dawo, ya sake komawa. Ya zagaya rijiya, ya fita ƙofar gida, ya dawo kamar ya manta wani abu. Ya ce ko farin ɓera ne ba ta so, ya nemo na gona. Ya ce ko ɗan tsako, ya sayo. Ya kafa kejin ɓeraye a bayan madafata, suka hayayyafa, wari ya hana masu sayen kifina tsayawa. Na zage shi tas, na ce ko ya ɗauke su ko in zuba musu tafasasshen ruwa. Bai ce mini uffan ba, ya ɗan ja kejin gefe. Wannan shirun ya fi komai ƙona mini rai, don Sejiro da na sani ba a faɗa masa ɗaya bai mayar da uku ba.

Sai Tanti ta kira mu ɗakinta, ni da shi. Ta ce ta sa an ɗaga tsumma ta gani da idonta. Ta tuna masa abin da ya sani tun yana yaro: in Dangbe ta mutu a gida, jana'iza ake yi mata kamar ta mutum, da farin ƙyalle da akwatin gawa, wanda ta mutu a hannunsa kuwa ba ya sake kwana a ƙarƙashin rufin gidan. Ta ce ba za ta zuba ido wannan ya faɗa wa ɗan yayanta ba. Ta ba shi zuwa taron dangi na ƙarshen shekara, lokacin da 'yan Kwatano ke zuwa. In har Madam, wato Dangbe, don Tanti ba ta taɓa furta wancan sunan ba, ba ta ci ba kafin nan, za a kai akwatin ƙofar baya a cire murfi ta tafi ta nemi abincinta kamar sauran.

Sejiro ya ce a akwati aka ƙyanƙyashe ta. Ba ta san shaho ba, ba ta san kare ba, ba ta san tayar mota ba, ba ta taɓa kama ɓera mai gudu ba. Ya ce in aka sake ta yanzu da wannan ramar, kashe ta aka yi.

Tanti ta ce, "Dangbe ce fa. Kai ne za ka koya mata daji?"

Muka fito. Ranar har yamma yana safa da marwa tsakanin ɗakinsa da rijiya, har na ce masa ya zauna yana sa ni jiri.

Ana cikin haka wani tsoho ya rasu a unguwar da ke bayan kasuwa, dangin surukanmu ne. Ranar binnewa duk gidan aka sa anko aka fita, har yara, don akwai kiɗa da abinci. Ni na ce kifina zai lalace in ban soya ba. Ƙarya nake, Sejiro ne ya roƙe ni tun da safe, ya ce ɗakin da nake ajiye masara ya fi ko'ina sanyi da duhu, kuma ba shi da taga. Da ƙafa ta ɗauke, ya ɗauko Madam a baho ya shiga, na bi shi na ja ƙofa, na bar 'yar kafa don haske.

Ban taɓa sanin shiru na da nauyi ba sai ranar. Muna tsugune, gumi na bin bayana, sauro na cizon ƙafata ba damar in kai masa duka. Madam na dunƙule a tsakiyar baho. Sejiro ya riƙe awartaki, ɓera na reto. Daga nesa ana jiyo gangunan gidan mutuwa. Ƙafata ta yi sanyi, na buɗe baki zan ce mu haƙura, ya harare ni.

Can sai ƙullin ya ɗan saki. Kai ya leƙo, harshe ya fito ya koma, ya sake fitowa. Ta ɗaga wuya ta lanƙwasa shi, ta tsaya cak. Ban ga lokacin da ta kai cafka ba, ƙarar kawai na ji a jikin roba, sai ga ta ta nannaɗe ɓeran. Sejiro ya damƙe wuyan hannuna har sai da na ji ƙashi. Muka zuba ido tana lalubar kan ɓeran, ta same shi, ta fara haɗiya a hankali, gefe ɗaya na baki ya matsa sannan ɗayan, har jelar ta shige. Ni da na yi wata da watanni ina tsine wa macijin nan, sai ga ni ina share hawaye da bakin zani.

Ya raɗa mini cewa kada in motsa bahon. Zai je ya ɗauko akwatin ya ajiye a nan, in ta huta ya karkata mata ta shiga, ta yi kwanakinta a ɗakin masara ba wanda ya sani. Ya fita da sanɗa, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Ashe ciwon gwiwar Tanti ya motsa a wajen jana'iza, aka rako ta gida tun ba a watse ba. Ita da mata wajen goma, wasunsu sun ɗan taɓa sodabi, giyarmu ta kwakwa. Suka yi kiciɓis da Sejiro a tsakar gida rungume da akwati ba komai a ciki. Na ji muryarta tana tambayarsa ina Dangbe, na ji yana in-ina. Kafin in yi wata dabara ƙofar ɗakin masara ta buɗe, haske ya cika wurin.

Zan faɗi gaskiya a kan Tanti, ba da mugunta ta yi ba. Da ta ga tudun ɓera a cikin Madam sai ta yar da sandarta ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, hawaye na zuba. Ashe ita ma ba ta barci tun da ta yanke hukuncin nan. Ta yi tafi, ta yi kirari, ta ce Dangbe ta yafe wa gidan. Sannan ta sa hannu biyu cikin baho ta ɗauke ta ta rataya a wuya, kamar yadda ake yi ranar murna, ta fito tsakar gida tana waƙa.

A wajenmu ba a fizge Dangbe daga wuyan mutum. Ko ta sauka da kanta, ko wanda take wuyansa ya miƙa ta. Balle wuyan Tanti. Sejiro ya ajiye akwati a ƙasa ya bi ta da hannuwa a buɗe, bai taɓa ta ba, yana ta maimaita abu ɗaya.

"Tanti, don Allah a ajiye ta. Yanzu ta ci. Tanti, a ajiye ta."

Wa ke jinsa? Mata na guɗa, ana tafi, wata ta ce kishi yake yi an karɓe masa mata, aka kwashe da dariya. Tanti ta miƙa wa matar babban yayanmu, ita ta yi 'yar rawa da ita ta miƙa wa ta kusa, kowa na son albarka. Maƙwabta suka ji hayaniya suka shigo. Sejiro na bin su daga wuya zuwa wuya, yana zagaya rijiya, muryarsa ta dishe. Ni ma na shiga ina cewa ya isa haka, wata ta ture ni da kafaɗa. Na ga cikin Madam yana wani irin motsi, daga jela yana hawowa sama.

Ta dawo wuyan Tanti ke nan ta buɗe baki. Ɓeran ya fito gaba ɗayansa, a jiƙe, ya faɗo a kan ankon Tanti ya gangara ƙasa. Waƙa ta tsaya. Wari ya tashi, wata ta toshe hanci ta tuna a gaban wa take ta sauke hannu.

Tanti ta daɗe tana kallon ɓeran. Ta sauke Madam a hankali ta sa a baho, sannan ta ce, "Kun gani da idonku. Ta mayar masa da abinsa."

Sejiro ya ce su ne suka sa ta. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Tanti murya ba sai ranar. Ni ma bakina bai yi shiru ba, na ce ko mutum ne ya ci ya ƙoshi aka ɗauke shi ana jijjigawa ai sai ya yi amai, ba sai an nemi fassara ba. Tanti ta ce bakina irin na uwata ne, tun da aka auro ta ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ta ce ba sauran jiran taron dangi. Ko ya cire murfi, ko ya ɗauki akwatinsa ya bar gidan, duk abin da ya biyo baya kuma shi ya sani.

Na ɗauka tafiya zai yi. Har na fara tunanin wa na sani a Kwatano da zai ba mutum da maciji masauki. Ya roƙi a bar ta ta ɗan farfaɗo, don wai bayan amai cikinsu a ƙone yake, ba a sake ba su komai sai an jima. Tanti ta yarda da wannan. Kwanakin nan bai fita ko'ina ba, ruwa kawai yake sauya mata. Wata safiya na kai masa koko na tarar ya ɗora ta a tafin hannu yana auna nauyinta. Na ce masa in tafiya ce ni zan biya mota. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Dada, dubi bayanta. In na hau hanya da ita ba za ta kai ba. In na zauna nan ba za ta ci ba. A hannuna za ta mutu."

Da kansa ya ɗauki akwatin ya kai ƙofar baya, inda gonar rogo ta fara, kusa da wani tsohon suri. Da kansa ya cire murfin. Sai a lokacin Tanti ta yi shela cewa kada wanda ya je wajen, babba ko yaro, a bar Dangbe ta yi shawara da kanta. Wato shirun da muka yi wata da watanni muna roƙo, sai da aka cire murfi aka ba da shi kyauta. Na ji kamar in fasa kaskona a ƙasa.

Madam ba ta fita ranar ba, ba ta fita washegari ba. Sejiro na zaune a kan kututture daga nesa yana korar kaji da jifa. Har ya fara samun rai, yana ce mini kin gani, ta san gidanta. Wata rana da zafin rana gyangyaɗi ya ɗauke shi a zaune, da ya farka akwatin ba kowa. Gida ya ɗauki murna, Tanti ta zuba ruwa a ƙasa ta yi godiya. Shi kuwa ya shiga gonar rogo da rarrafe yana leƙa kowane rami har rana ta faɗi.

Daga nan ƙafarsa ba ta sake hutawa ba. Da yammar ya ɗauki kejin ɓerayensa ya kai gindin surin ya buɗe, ya sake su duka, wai ko za ta samu na kusa. Mai gonar ya zo har gida yana kumfar baki, ni na ba shi haƙuri da kifi. Kullum Sejiro na bakin titi yana duba kwalta, in ya hango wani abu a kwance sai ya ruga, ya tarar tsohuwar roba ce. In shaho ya yi shawagi a saman gonar sai ya tsaya da cin abinci. Duk unguwa aka san shi, duk gidan da mesa ta shiga sai a aiko a kira shi, wasu don tausayi wasu don su sha dariya. Ya tafi da gudu, ya dawo a hankali. Ya samu aikin gadi a wani shagon siminti, bai yi nisa ba aka sallame shi, don an zo an tarar ya bar ƙofa ya tafi duba maciji. Na yi faɗa har na gaji, na koma lallashi, na dawo faɗa.

Rani ya wuce, ruwa ya sake sauka. Wata safiya Maman Fifame, mai kiwon kaji a bayan makaranta, ta aiko a ce mesa ta kwana a akurkinta. Na ce yau kam sai na bi shi, don na gaji da ganin yadda yake dawowa. Muka tarar mutane sun taru a bakin akurkin a durƙushe. Suka ba shi hanya ana 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ya kwanta rub da ciki a kan kashin kaji ya zura hannu biyu, ya jawo ta a hankali.

Ƙatuwa ce, a mulmule, fatarta na sheƙi, da gani ba ta daɗe da yin saɓa ba. Ya juya ta ya dubi ƙarƙashin wuyanta, ya bi zanen bayanta da yatsa. Ni ban iya bambanta mesa da mesa ba, amma na san fuskar ƙanena tun ranar da aka haife shi. Ita ce.

Ya kira sunanta a hankali yadda ni kaɗai na ji. Ta ja kai ta cusa tsakiyar jikinta, ta dunƙule a hannunsa tam. Ya jira. Ya ɗan shafa ta da babban yatsa, ta ƙara matsewa. Ya tambayi Maman Fifame ko ta yi mata ɓarna, ta ce ko tsako ɗaya ba ta taɓa ba, ɓerayen da suka addabi dusarta ne dai suka yi sauƙi. Sannan ta leƙo fuskarsa ta ce, "To Sejiro, ita ce taka ko?"

Na san akwatin na nan a ƙarƙashin gadonsa, ya wanke shi tas. Na san in ya ce ita ce, sai in tsaya masa ko da Tanti za ta kore mu tare. Ya ɗaga ta ya sauke a hannu yana jin nauyinta.

Ya ce, "A'a, Maman. Ba tawa ba ce."

Ya kai ta bakin ciyawa ya ajiye, ya ja da baya. Ba mu tsaya ganin ta warware ba. A hanya yana gaba ina biye, rigarsa duk kashin kaji, kafaɗarsa na rawa. Ban ce masa komai ba, karo na farko a rayuwata. Sai da muka kusa gida ya tsaya bai waiwayo ba.

"Dada, kin ga ƙibarta?"

Na ce na gani.

Ya ce duk shekarun da ta yi a wajensa bai taɓa samun ta yi ƙiba haka ba. Ya share fuska da hannun riga, ya tambaye ni ko akwai sauran akasa. Na zuba masa, ya zauna a kan benci ya cinye duka.